Kansar maraina: Nau'o'in da maganin da ya ceci Lance Armstrong ba ya musu tasiri

A watan Oktoban 1996 likitoci suka gano cewa kansar maraina da ta kama ɗan tseren keken Amurka, Lance Armstrong, ta riga ta kai huhu da ƙwaƙwalwarsa. Shekararsa 25 a lokacin. Ya warke, kuma babban abin da ya cece shi shi ne maganin cisplatin, wanda Dokta Lawrence Einhorn na Jami'ar Indiana ya fara bai wa masu cutar a 1974.

Sai dai wannan nasara ta shafi nau'in da ke tasowa daga ƙwayoyin da ke samar da maniyyi ne, wanda shi ne kusan kashi 95 cikin 100 na cutar. Ragowar labarinsu daban ne.

Akwai ƙarin da ke fitowa daga ƙwayoyin Leydig masu samar da sinadarin mazakuta, da na Sertoli. Na Leydig kan sa nonon magidanci ya kumbura, ko yaro ya balaga tun lokaci bai yi ba. Yawancinsu ba sa yaɗuwa, sai kusan ɗaya cikin goma. Amma idan suka yaɗu, kemoterafi da gashi ba su cika yi musu komai ba, kuma gwajin jini na AFP da hCG ba ya nuna su. A nan wuƙar likita ce abin dogaro: a cire ƙwan, a kwashe kaluluwar da ke can bayan ciki, sannan a bi ƙarin da ya je huhu ko hanta a yanke, in wurin zai yanku. An gwada maganin mitotane, amma kaɗan ne ya yi wa amfani.

Shi kuwa limfoma na maraina, wanda ya fi kama waɗanda suka haura shekara 60, yana jin magani. Ana haɗa R-CHOP da methotrexate domin kare ƙwaƙwalwa, a kuma gasa ɗaya ƙwan, saboda cutar kan ɓuya a can.

Yawancinsu da kumburi suke farawa, galibi marar zafi, irin wanda maza da yawa ke ɗauka gwaiwa ce su yi shiru don kunya. Madubin ɗakin gwaji ne kaɗai ke bambance su bayan an cire ƙwan, don haka takardar sakamakon gwajin ce farkon abin da likitan kansa zai nema kafin ya rubuta magani.