Laurie Cunningham: Ɗan Real Madrid da 'yan kallon Barcelona suka miƙe suka tafa wa

A watan Fabrairun 1980, Real Madrid ta je filin Camp Nou ta doke Barcelona da ci 2-0. Abin da ya fi zama a zukatan mutane daga wannan wasa shi ne yadda magoya bayan Barcelona suka miƙe suna tafa wa ɗan wasan gefe na abokiyar gabarsu, wani baƙar fata ɗan Ingila mai suna Laurie Cunningham, wanda ya hana 'yan bayansu sakat.

An haifi Cunningham a ranar 8 ga Maris, 1956 a arewacin Landan, iyayensa kuwa 'yan asalin Jamaika ne. Arsenal ta sallame shi tun yana yaro, sai Leyton Orient ta ɗauke shi, daga nan ya koma West Bromwich Albion a 1977. A can ne ya haɗu da Cyrille Regis, daga baya Brendon Batson ya zo, suka zama baƙaƙe uku a ƙungiya ɗaya ƙarƙashin koci Ron Atkinson.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne a Ingila ta wancan zamani. Baƙar fata kan shiga fili ana jifansa da ayaba, ana yi masa kukan biri, kuma masu horarwa da dama na riƙe da camfin cewa baƙi ba sa jure sanyi da wasan ƙarfi. Cunningham ya mayar da martani da ƙafafunsa: ga gudu, ga yanka, ga natsuwa da ƙwallo ko da fili ya zama taɓo. A Afrilun 1977 ya buga wa tawagar Ingila ta 'yan ƙasa da shekara 21, ya kuma ci ƙwallon da ta ba su nasara a kan Scotland.

Wasan da ya yi da Valencia a gasar Kofin UEFA a 1978 ya jawo hankalin Sifaniyawa. A 1979 Real Madrid ta saye shi a kan fam 950,000. A kakarsa ta farko ya lashe La Liga da Copa del Rey.

To me ya sa sunansa bai kai inda baiwarsa ta nufa ba? Babban dalili shi ne rauni. A ƙarshen 1980 aka taka shi a wasa da Real Betis, yatsan ƙafarsa ya karye, har sai da aka yi masa tiyata. Ana cikin jinya aka gan shi a gidan rawa, ƙungiyar ta ci shi tara, jaridun Madrid kuma suka sa shi gaba. Ya dawo ya buga wasan ƙarshe na Kofin Turai na 1981 bai gama warwarewa ba, Liverpool ta yi nasara da ci 1-0 a Paris. Raunin gwiwa ya biyo baya ya rage masa gudun da shi ne jarinsa. Ingila ma ba ta yi dogon haƙuri da shi ba: sau shida kacal ya buga wa babbar tawagarta.

Daga nan ya yi ta sauya sheƙa, daga Manchester United zuwa Sporting Gijon, Marseille, Leicester City, Rayo Vallecano da Charleroi. A 1988 ya shigo daga benci lokacin da Wimbledon ta ba duniya mamaki ta doke Liverpool a wasan ƙarshe na Kofin FA. Ya koma Rayo ya taimaka mata ta hau rukunin farko, sai ajali ya riske shi a hatsarin mota a Madrid ranar 15 ga Yuli, 1989, yana da shekara 33.

Karramawar ta zo a makare. An kafa mutum-mutuminsa a Leyton a 2017, sannan na shi da Regis da Batson a West Bromwich a 2019. Yau Jude Bellingham, baƙar fata ɗan Ingila, yana taka leda a Real Madrid ba tare da kowa ya yi mamaki ba, sai dai cin zarafin da Vinicius Junior ya sha a filayen Sifaniya ya nuna cewa kukan birin da aka yi wa Cunningham bai mutu ba tukuna.