Robar Tsohuwar Fijo: A Duba Kafin A Aiko Gida

Daga wakilinmu na Arewa

A ƙasar Bajju, daga Fadan Kaje zuwa Zonkwa da Kafanchan, har yanzu akan ga tsofaffin motocin nan na Peugeot 504, waɗanda jama'a suke kira Fijo. Waɗansu suna ɗaukar citta da masara zuwa kasuwa, waɗansu kuwa gado ne da 'ya'ya suke son tayarwa don tunawa da iyayensu.

Kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kakuri, Kaduna, a 1975, kuma bai daina yin 504 ba sai a 2006, alhali a Faransa an daɗe da barinta. To, tun da aka daina yin motar, kayanta na asali sai suka yi wuya, na kwaikwayo suka cika kasuwa. Sau da yawa kuwa ku 'yan'uwanmu mazauna Kudu ake roƙo ku sayo kayan a kasuwar Ladipo ta Ikko, ko Anaca, ko Nnewi, ku aiko gida.

Abin da aka fi rainawa cikin kayan nan shi ne roba, watau wadda ke kewaye da gilashi da ƙofofi da but. Amma ita ce ke tsare motar. Kudancin Kaduna ƙasa ce mai ruwa da yawa. In robar gilashin gaba ba ta zauna daidai ba, ruwan damina zai riƙa tsiyaya ciki, ya kwanta ƙarƙashin shimfiɗa, tsatsa ta cinye ƙasan motar ba a sani ba. Mai mota ya kashe kuɗi wajen fenti da inji, ga shi ƙarfe yana ruɓewa a ƙarƙashin ƙafarsa. A wagon kuma, in robar ƙofar baya ta saki, hayaƙin salansa yakan shigo wa fasinja, wannan kuwa guba ne.

Aibin robar kwaikwayo iri biyu ne. Na farko shi ne awo. Wata ta yi kauri har ƙofa ba ta rufuwa sai an buga da ƙarfi, wata ta yi siriri iska na shiga, wata kuma ta gaza a kusurwa. Bugu da ƙari, ba ko'ina ne robar salun da ta wagon da ta akori-kura suke zama ɗaya ba. Na biyu shi ne irin robar. Mai kyau ta ƙofa da gilashi ita ce wadda masana'antu ke kira EPDM, don tana jure rana da ruwa shekara da shekaru. Mai araha takan bushe ta tsattsage da wuri.

Inda abin ya fi haɗari shi ne birki. Robar da aka yi domin man inji daban take da wadda aka yi domin man birki. In aka musanya su sai ta lalace, birki ya tsinke. Wanda ya san gangaren Kagoro ya san ma'anar wannan.

Saboda haka, kafin ka saya, sa a aiko maka da guntun tsohuwar robar, a kuma faɗa maka irin motar. Yanka bakinta ka gwada da sabuwar, ka ga ko siffarsu ɗaya ce. Lanƙwasa ta, ka matsa da yatsa; mai kyau takan koma yadda take nan da nan, ba ta nuna tsaga. Ka yi sharaɗi da mai shago cewa in ba ta shiga ba za a mayar. Bakanike kuma ya kankare tsatsa tukuna, ya sa robar da ruwan sabulu, kada ya shafa mata baƙin mai ko fetur, don suna kumbura ta. In ya gama, a kwara wa motar bokitin ruwa a gani.

Hausawa dai sun ce araha ba ta ado. Allah Ya kiyaye hanya.