Dawakan Tagulla Da Ke Gudu Tun 1984

Yau Amurka za mu leƙa, garin Irving a jihar Texas. A wani dandali da ke unguwar Las Colinas akwai dawaki tara da ke keta ruwa a guje, tun shekarar 1984 ba su tsaya ba. Na tagulla ne, kuma kowanne ya kai girman doki na gaske sau ɗaya da rabi.

Irin dawakan jejin nan ne da ake kira mustang. Asalinsu na gida ne. Turawan Sifaniya suka kawo kakanninsu nahiyar a ƙarni na 16, wasu suka tsinke suka shiga daji, suka yi ta hayayyafa ba mai su.

Wanda ya yi aikin kuwa Robert Glen ne, haifaffen Nairobi a Kenya. A 1976 attajiri Ben Carpenter ya ba shi kwangilar, ya shekara takwas yana fama. Har Sifaniya ya je ya ƙare wa dawakan can kallo, don jininsu ɗaya da mustang na farko. A Nairobi ya gina siffofinsu, a maƙerar Morris Singer ta Ingila aka yi zubin.

To, yaya ake mayar da doki tagulla?

Ita tagulla haɗi ce: jan ƙarfe wajen kashi 90 cikin 100, sauran yawanci kuza, irin wadda aka daɗe ana haƙa a Jos. Mai aikin ba ya sassaƙa ƙarfe. Da yumɓu yake fara gina dokin a kan ƙwarangwal na ƙarfe, sai a ɗauki shatinsa. A tsohuwar hanyar da maƙeran Ife da Benin suka ƙware a kai, ana fitar da siffar da kakin zuma, a lulluɓe ta da laka mai jure wuta, a gasa. Kakin ya narke ya tsiyaye, ya bar gurbi. Cikin gurbin nan ake kwarara narkakkiyar tagulla mai zafin da ya haura digiri 1,000. In ta huce a fasa lakar. Wasu manyan sassan kuma a yashi ake zubinsu, kamar yadda kuka ga masu tukwanen alminiyam suna yi a kasuwa.

Kada ku ɗauka cikin dokin cike yake. Holoƙo ne, kaurin fatarsa bai kai yatsa ba, kuma gunduwa-gunduwa ake zuba shi, kai daban, ƙafa daban, sannan a haɗa da walda a goge har tabon ya ɓace.

Ni a ganina ƙafafu ne wurin wahalar. Doki mai sukuwa kofato ɗaya ko biyu ne ke taɓa ƙasa, ga nauyi mai yawa a kan siririn ƙauri. Shi ya sa a irin wannan aiki ake zura ƙarfe mai ƙwari ta cikin ƙafar a dasa shi a ƙasa. In lissafin ya kuskure, ƙafar ta tsage.

Ruwan da ke fantsama a ƙarƙashin kofatansu kuwa, ƙananan famfuna ne aka ɓoye daidai inda kowane kofato zai sauka.

Sai mun haɗu a shiri na gaba.