Sankarar mama: birkin da ke tsinkewa a jiki, da tazarar da ke gaban matan Ƙonni

Kafin mace ta ji kulluɓutu a mamanta, ciwon kan yi shekaru yana tafiya a ɓoye. Jikin ɗan Adam ƙananan ƙwayoyin halitta ne da ke rabuwa su hayayyafa. Akwai sinadaran furotin da ke ba su umarnin girma, akwai kuma waɗanda ke taka musu birki. Sankara na somawa ne idan birkin ya lalace.

Mafi shahara cikinsu shi ne p53, wanda aka gano a 1979. Idan ƙwaya ta samu lahani, yakan dakatar da ita har a gyara, in gyaran ya gagara ya sa ta mutu. Ana samun sa a lalace a kusan rabin cututtukan sankara. Shi kuwa PTEN, saƙon da ke cewa ƙwaya ta yi ta girma yake kashewa. BRCA1 da BRCA2 makanikai ne, aikinsu ɗinke ƙwayoyin gado idan sun tsinke.

Matsalar waɗannan biyu na ƙarshe tana bin jini, ta wajen uwa ko ta wajen uba. Wani bincike da Farfesa Olufunmilayo Olopade da abokan aikinta suka fitar a 2018 kan mata 1,136 masu cutar a Ibadan ya samu kashi 7 cikin 100 da lahani a BRCA1, kashi 4 kuma a BRCA2.

Birkin ba ya tsinkewa lokaci guda, ɗaya bayan ɗaya yake lalacewa, shi ya sa jinkiri ke ƙara wa ciwon ƙarfi. Hukumar Lafiya ta Duniya na so a tabbatar da cutar cikin kwana 60 daga ranar da mace ta fara zuwa asibiti.

Ga matan Birnin Ƙonni, Malbaza da Illela a jihar Tawa, wannan wa'adi ba ƙaramin aiki ba ne. Sai a 2021 Nijar ta buɗe cibiyarta ta farko ta gashin sankara, a Yamai, kimanin kilomita 420 daga Ƙonni. Asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato ya fi kusa, amma sai an tsallaka iyaka.

Ga 'yan ci-rani da ke aiko da kuɗi gida, kuɗin mota da na gwaji a watan farko sun fi amfani a kan na magani bayan shekara guda. Gidan da aka taɓa samun cutar kuwa, ya kamata 'yan'uwa mata su faɗa wa likita.