Ɗamarar da Ba a Gani: Shirin Kiristan Sabon Gari a Kowace Safiya

Duk wanda ya ratsa Fagge da hantsi ya san irin cinkoson da a ke yi a Kantin Kwari, kasuwar tufafin nan wadda sunanta ya kai Nijar da Cadi da Kamaru. Yawancin masu kantuna Musulmi ne, amma a cikin 'yan sari da teloli da yaran kanti akwai Kirista ba kaɗan ba, waɗanda su kan yi sammako daga Sabon Gari. Mun ga ya kyautu mu bayyana wa masu karatu wani abu da fastocinsu su ke yawan yi musu wa'azi a kai, watau yaƙin ruhaniya, domin kalmar yaƙi ta kan sa wanda bai san kan maganar ba ya ɗaga kunne.

Zaman Kirista a wannan gefen Kano ba na jiya ba ne. A 1900 Bishop Tugwell da Likita Miller suka zo birni, Sarki Alu bai yarda su zauna ba, suka juya. Jirgin ƙasa ya iso a 1911, aka yanka Sabon Gari wajen 1913 domin baƙi ma'aikata da 'yan kasuwa, su kuwa suka gina majami'unsu. A 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa, aikin da Likita Miller ya sha wahalarsa ƙwarai. A cikin wannan littafi ne tushen maganarmu ya ke.

Manzo Bulus ya rubuta wasiƙa zuwa ga mutanen Afisa, babban birnin ciniki a ƙasar da a ke kira Turkiyya yanzu. Shi kansa ya ɗanɗani tarzomar kasuwa a can, sa'ad da wani maƙerin azurfa ya zuga abokan sana'arsa don tsoron kada cinikin gumakansu ya mutu. Duk da haka, a sura ta 6 ta wasiƙar, ya nuna musu cewa abokin gabansu ba ɗan Adam ba ne, Iblis ne da dabarunsa. Sa'an nan ya lasafta kayan yaƙi shida, irin waɗanda Bahaushe ya sani tun zamanin 'yan lifida. Gaskiya ita ce ɗamara, adalci sulke, bisharar salama takalma, bangaskiya garkuwa, ceto kwalkwali, Maganar Allah kuwa takobi. A lura, biyar daga ciki na tsare kai ne, na shidan ma ba ƙarfe ba ne. Bayan waɗannan ya ƙara da addu'a da zaman faɗake.

To, ina fagen famar? Ga ɗan kasuwa, bakin teburinsa ne. Baƙo ya zo daga ƙauye zai haɗa lefe, bai san bambancin atamfar Holan da kwaikwayonta ba, ga riba ninki tana kiran mutum, ba kuwa mai gani. Ko a auna shadda a ɗan ja yadi ya rage taƙi guda. Ko yaron kanti ya sayar da turmi sama da kuɗin da maigida ya yanka, ya sa rarar a aljihu. Ko dillali ya ci la'ada baki biyu. Ko kuwa kasuwa ta yi sanyi, wani ya raɗa wa mutum cewa akwai bokan da zai ba shi abin binnewa a ƙofar kanti don jawo ciniki. A koyarwar Kirista, kowane ɗaya daga cikin waɗannan kibiya ce aka harbo, ba ta kuwa zuwa da ganga, sai da murmushi. Sai bango ya tsage ƙadangare ya ke samun wurin shiga. Wanda ya saba da rage taƙi, wata rana dila guda za ta ɓace a hannunsa, da mutuncinsa da amanar da aka ba shi duka su tafi tare.

Amma akwai jarrabawar da ta fi kwaɗayi nauyi, ita ce tsoro da son ramuwa. Mutanen Fagge da Sabon Gari sun ga tashin hankali a watan Mayu 1953, da 1966, da Oktoba 1982, da kuma Oktoba 1991 a kan zuwan mai wa'azin nan Bajamushe, Reinhard Bonnke. Ran 18 ga Maris 2013 bom ya tashi a tashar motar New Road. Ran 27 ga Yuli 2014 aka jefa wani a majami'ar St. Charles. Ran 28 ga Nuwamba na shekarar aka kai hari Babban Masallacin Juma'a na birni, ran 10 ga Disamba kuma aka ta da bom a Kantin Kwari kanta. Wanda ya duba wannan jeri zai ga masifar ba ta tambayi addinin kowa ba. A irin wannan lokaci ne Iblis ya kan raɗa wa mutum cewa maƙwabcin kantinsa, wanda su ka shekara goma suna tsare wa juna kaya, shi ne maƙiyi. Kiristan da ya karɓi wannan raɗa an riga an ci shi da yaƙi, ko da bai ɗauki sanda ba. Shi ya sa a kan tuna masa da daren da aka kama Yesu, Bitrus ya zare takobi, Yesu ya umarce shi ya mai da shi kube.

Ba a fafe gora ranar tafiya, saboda haka shirin na kullum ne. A gidaje da yawa a kan tashi da asuba, maigida ya tara iyali a karanta 'yan ayoyi a yi addu'a kafin kowa ya kama hanya. A kan haddace ayoyi, domin Linjila ta nuna da Nassi Yesu ya mai da wa Shaiɗan amsa sau uku bayan azumin kwana 40 a jeji. Katolika da Anglikan su kan yi azumin kwana 40 kafin Ista don horon zuciya. Mata suna da Zumuntar Mata, inda a ke ƙarfafa wadda ta raunana, gama mayaƙi ɗaya tilo ba ya tare gaba da baya. Da dare kuma mutum ya binciki kansa kamar yadda ya ke ƙidaya cinikin yini. In ya cuci wani ya mayar, in ya yi fushi ya huce kafin ya kwanta.

Aikin alheri ma yana cikin shirin. Asibitin Ido da mishan ta SIM ta buɗe a Kano a 1943, wanda ya ke hannun ECWA yanzu, ya daɗe yana duba idon Musulmi da Kirista ba bambanci.

Akawu a ofis da malami a aji, kada su ce wannan zancen 'yan kasuwa ne kaɗai. Alƙalami ma yadi ne, ana iya rage shi a littafin kuɗi ko a takardar jarrabawa. In kuwa kuka ji maƙwabcinku Kirista ya ce ya ci ɗamarar yaƙi, to, ku duba awonsa da harshensa da haƙurinsa, nan ne za a san ko ɗamarar ta ɗauru. Allah ya zaunar da Kano lafiya, amin.