Nasarawar Kano: Abubuwan Mamaki Goma a Taƙaice

Wanda ya taso daga Indabo ko Wudil ya shigo Kano ta Mariri da Hotoro, ba zai yi nisa ba zai iske unguwar manyan bishiyoyi da dogayen katangu. Nan ce Nasarawa, wadda 'yan boko ke kira GRA. Yawancin jama'a asibiti ko sakatariya ke kai su can, su gama su juya. Ga kaɗan daga abin da suke wucewa ba su lura ba.

1. Gandun sarki ne tun asali. Kafin Turawa su ci Kano ranar 3 ga Fabrairu 1903, wurin gandun Sarkin Kano ne a wajen ganuwa, ana noma, kuma akwai gidan da sarki ke sauka. Da Turawa suka zo ba su zauna cikin birni ba, sai suka yada zango a wannan ɓangare, har ya zama mazaunin Razdan da manyan ma'aikatansa.

2. Tazarar yadi 440. Tsarin birane na zamanin Gwamna Lugga ya tanadi a bar fili tsirara mai faɗin yadi 440, wato kimanin mita 400, tsakanin gidajen Turawa da na 'yan ƙasa. Hujjarsu ita ce wai kada sauro ya kwaso zazzaɓi daga can ya kawo musu. A irin waɗannan filaye ne suka riƙa yin wasanninsu na dawaki da ƙwallon gora. Sai dai kuku da boyi da mai gadi duk a bayan gidan Baturen suke kwana.

3. Tushen boko a ginin ƙasa. A 1909 Hanns Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nasarawa, kuma ita ake ɗauka a matsayin mafarin karatun boko na gwamnati a Arewa. Haifaffen ƙasar Siwizalan ne, kuma a 1906 ya ratso Sahara daga Tarabulus zuwa Barno da ayari. Da Hausa aka fara koyarwa a makarantar, ba da Turanci ba. Gidansa na ƙasa, mai zanen magina a bango, yana nan tsaye a hannun Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano.

4. Makwancin sarakuna. Fada tana cikin birni, amma sarakunan Kano na baya-bayan nan a gidan sarki na Nasarawa suke kwance. Nan aka binne Sarki Abdullahi Bayero a 1953, nan kuma aka kai ɗansa Ado Bayero a watan Yuni na 2014, bayan shekara 50 da ɗoriya a kan karaga.

5. Rabon Wudil a tarihin gidan. Sarki Muhammadu Sanusi na ɗaya ya bar gadon sarauta a 1963, ya yi kimanin shekara 20 a Azare. Da ya dawo ƙasar Kano, a Wudil ya zauna har Allah ya yi masa rasuwa a 1991. Daga nan aka kai gawarsa Nasarawa, kusa da mahaifinsa Abdullahi Bayero.

6. Unguwa mai hawanta. Cikin hawan Sallah akwai Hawan Nasarawa. Sarki kan fito da hakimai, ya ziyarci kaburburan magabatansa, sannan ya wuce Gidan Gwamnati. A da Razdan ake kai wa gaisuwa, yau Gwamna ke tarbar sarki. A hanyar komawa fada akan ratsa ta Sabon Gari da Fagge, baƙi ma su sha kallo.

7. Sunan wanda aka kora. Sarki Alu ne ke mulki lokacin da Turawa suka shigo. Suka kama shi, suka tsare shi, har ya rasu a Lakwaja a 1926. Yau a tsakiyar unguwar da masu korarsa suka gina wa kansu akwai titi mai sunansa, Titin Alu.

8. Jirgi ya riga filin jirgi zuwa. Ranar 1 ga Nuwamba 1925 jiragen sojan Ingila uku da suka taso daga Masar suka sauka a Kano. Da yake ba a gina filin jirgi ba tukuna, a filin dawakin Turawa na wajen ganuwa suka dira.

9. Asibiti mai suna biyu. A takarda sunansa Asibitin Muhammad Abdullahi Wase, don tunawa da gwamnan soja na Kano da ya rasu a hatsarin jirgin sama a Jos a 1996. Amma ka ce wa mai adaidaita sahu "Asibitin Nasarawa", shi ya fi saurin ganewa. Ba nisa da nan, a Titin Gidado, aka binne Janar Sani Abacha a gidansa ranar 8 ga Yuni 1998, ranar da ya rasu.

10. Inuwar ma baƙuwa ce. Darbejiyar da ke jere a bakin tituna asalinta daga yankin Indiya take, a zamanin Turawa aka shigo da ita Arewa. Ita da sauran manyan bishiyoyi ne suka sa unguwar ta fi cikin birni sanyi a watannin bazara.

Yanzu ana yanka manyan filayen gida-gida, ana sare bishiyoyi, shaguna da benaye na maye gurbinsu. Kira ga hukumar tsara birane da masu gidajen shi ne duk wanda ya sare bishiya ɗaya a sa shi ya dasa wata, a kuma kula da tsofaffin gine-ginen. Malaman makarantun Wudil da kewaye kuwa, idan za ku kai ɗalibai yawon buɗe ido Kano, ku sa Gidan Ɗan Hausa a cikin jerinku.