Wa Ke Biyan Kuɗin Lafiyar Uwa Da Jariri A Jiwa?

Garin Jiwa, wanda ke maƙwabtaka da Gwagwa da Dei-Dei, ɗaya ne daga cikin mazaɓu 12 na ƙaramar hukumar Birni da Kewaye ta Abuja. Duk da kusancinsa da manyan asibitocin babban birnin tarayya, mace mai juna biyu a nan ta fi dogara ne ga ƙaramin asibitin unguwa wajen awon ciki, da haihuwa, da allurar rigakafin jariri. Saboda haka lafiyarta ta rataya ne a kan yadda kuɗi ke isa wannan mataki.

Tsarin kiwon lafiya a matakin farko ya samo asali ne daga taron Alma-Ata na 1978. A Nijeriya, Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992, shi ne ya kafa shi da gindinsa, inda aka ɗora nauyinsa a kan ƙananan hukumomi. A 1987 ministocin lafiya na Afirka suka amince da shirin Bamako, wanda ya tanadi a riƙa sayar da magani da rahusa, ana juya kuɗin don sayo wani. A 1992 kuma aka kafa hukumar NPHCDA ta ƙasa.

Hujjar masana tattalin arziki a fili take: rigakafi ya fi magani, ya kuma fi shi araha. Allurar ƙyanda, da ruwan gishiri da sukari, da shayar da nonon uwa zalla har wata shida, ba su kai kuɗin kwantar da yaro a babban asibiti ba. Amma binciken ƙasa na 2018 ya nuna cewa yara 132 cikin kowane 1,000 suna mutuwa kafin su cika shekara biyar, yayin da mata 512 ke rasuwa a cikin kowace haihuwa 100,000. Kazalika, mafi yawan kuɗin da ake kashewa kan lafiya daga aljihun iyalai yake fitowa. Magidancin da ke cin abinci daga aikin yini yakan jinkirta kai iyalinsa asibiti har sai ciwo ya ci ƙarfi.

Don rage wannan nauyi ne Dokar Lafiya ta 2014 ta kafa asusu na musamman, wanda zai riƙa samun aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗaɗen shigar gwamnatin tarayya. Dokar ta ware kashi 50 ga inshorar lafiya, kashi 45 ga magunguna da kayan aiki da gyaran ƙananan asibitoci da horar da ma'aikata, sai kashi 5 ga agajin gaggawa. Sai a kasafin 2018 aka fara sa kuɗin.

Sai dai albashin ma'aikatan waɗannan asibitoci yana wuyan ƙananan hukumomi ne. A 2025 ma'aikatan ƙananan hukumomin Abuja shida, har da na lafiya, sun yi yajin aiki na watanni kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, abin da ya sa aka rufe ƙananan asibitoci da dama.

A birnin Abuja ne shugabannin Afirka suka yi alkawari a 2001 cewa za su riƙa ware kashi 15 cikin ɗari na kasafinsu ga lafiya. Nijeriya ba ta cika shi ba. Ga mai jego a Jiwa, ma'aunin alkawarin shi ne ta tarar da ungozoma a bakin aiki, da magani a kan kanta.